Alhamis Ɗin da Na Bi Bayan Mama

Shekara biyu bayan rasuwar Baba na ɗauko Mama daga gidanmu na Sabon Gari, na kawo ta wurina a Samaru. Ni ce autarta, kuma ni kaɗai na rage a Zariya. Ta daɗe da ciwon suga, irin wanda ake shan ƙwaya, kuma ta iya zama da shi. Tsohuwar malamar firamare ce, ba ta wasa da doka. Tuwon acha take ci da miyar kuɓewa, shayinta salam, farar shinkafa kuwa sai ranar Kirsimeti. Kowace safiya kafin in tafi ofis nakan huda mata yatsa in ɗiga jinin a na'ura. Yawanci bakwai nake gani, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Cikin damina abin ya sauya. Wata Juma'a na'urar ta nuna sha biyar. Na sa ta wanke hannu, muka sake, ta nuna sha huɗu. Ranar Asabar ma haka. Sai wajen Talata sugan ya sauko takwas, na ce shi ke nan, ya wuce. Juma'a na zagayowa ya sake hawa.

Na'urar na fara tuhuma. Na huda yatsana na gwada, ta ba ni biyar, wato lafiyarta ƙalau. Sai na koma kan ƙwayoyin. Na ɗaga kwalin a rana ina duba rubutun, na ga kamar launinsa ya koɗe, na ce jabu aka sayar mini. Na zubar da su, na canza kemis. Da hakan bai yi ba sai zargina ya faɗa kan matar da nake sayen garin acha a wurinta a kasuwar Samaru. Shekara biyar muna tare, amma na tsaya a gabanta ina murza garin ina tambaya ko ta haɗa da na rogo. Sai ta janye kwanonta. Har yau idan na wuce ta layinsu, kai take kawarwa.

Duk wannan bai hana sugan hawa ba. Mama ta fara yawan fitsari, tana shan ruwa kamar mai aikin gona. Na samo kalanda na riƙa rubuta lambobin. A mako na huɗu na ga abin ƙarara: kullum ranar Juma'a yake tashi. Ranar Alhamis kuwa Mama takan shiga Keke Napep ta tafi zumuntar mata a tsohuwar majami'armu da ke Sabon Gari.

"Mama, me kuke ci a zumunta?" na tambaye ta.

"Waƙa muke yi, Auta, ba biki ba."

"Ko lemo? Ko kunun zaƙi?"

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa 'yan aji. "Na haife ki, kuma yanzu ke za ki kama ni da satar lemo?"

Ban yarda ba. Tana shiga wanka na buɗe jakarta. Littafi Mai Tsarki ne a ciki, da littafin waƙoƙi, da ɗan kwalin man zafi. Na ɗaga katifarta, na leƙa bayan akwati, har ɗankwalinta na shinshina ko zan ji ƙamshin wani abu. Ban sami komai ba, kuma rashin samun ya ƙara mini zargi, domin na ce ta iya ɓoyo ne.

Daga nan na buga wa wata ƙawarta waya, wadda suke zama benci ɗaya. Ta ce Mama ko ruwan leda da ƙyar take karɓa. Sai ta ƙara da cewa, "Sai dai kwanan nan tana tashi kafin a rufe da addu'a. Ta ce ke ce kike son ta koma da wuri."

Ban taɓa gaya mata haka ba.

Alhamis ta gaba na nemi izini a ofis. Na bar ta ta tafi, daga baya na bi. Na tsaya a rumfar wani mai gyaran takalma da ke fuskantar majami'ar, ina jin gangunan mata da kacau-kacau, ina jin kunyar kaina, amma ban motsa ba. Wajen ƙarfe huɗu ta fito ita kaɗai. Maimakon ta tare keken Samaru, sai ta tare wanda ya nufi Jushi. Na hau acaɓa na ce ya bi su a hankali. A raina na riga na gama shari'a: akwai gidan da take zuwa ana dama mata fura da suga.

A bakin wani ƙaramin kemis ta sauka. Mai shagon ya gaishe ta gaisuwar wanda ya saba da ita, ya ɗaga mata labule, suka shige ciki. Na ƙirga zuwa ashirin, na ɗaga labulen ni ma. Tana jingine da benci ta sassauta zani, shi kuma yana riƙe da sirinji.

"Allurar me ce wannan?" na tambaya.

Mutumin ya ce ta ciwon gwiwa ce, tsofaffi da yawa suna zuwa, kuma tana aiki nan take. Na ce ya ba ni kwalbar. Ya miƙo mini. Mama ta gyara zaninta ba tare da ta dube ni ba.

Sai da muka shiga keke, muka wuce gadar jirgi, ta yi magana. "Ke kika ce in gwiwar nan ta matsa, na daina zuwa Sabon Gari."

Gaskiya ne, na faɗa. Wata rana ce na ga tana hawa matakala da ƙyar, na faɗi maganar ina wanke-wanke, na manta. Ita kuwa ta riƙe. Mutanenta duk suna can, kabarin Baba ma yana can, a Samaru kuwa ni da bango kawai take gani.

Washegari muka je asibiti da kwalbar. Likita ta karanta ta ce irin wannan allura tana kwantar da kumburi, amma tana ɗaga suga na kwanaki, kuma bai kamata a yi wa mai ciwon suga ita kowane mako ba. Ta ce kada a yanke ta lokaci guda, ta rubuta yadda za a janye a hankali, ta tura mu sashen gashin ƙashi. Sannan ta juya ga Mama ta ce, "Mama, ko ganye kika tafasa kika sha, ki riƙa gaya mana." Mama ta ce to.

Cikin wata guda lambobin suka dawo bakwai da takwas. Ciwon gwiwar shi ma ya dawo, har ta rasa zumunta sau uku. Ba ta yi mini gori ba, amma ta sa ma'aikaciyar asibiti ta koya mata huda yatsa, ta karɓe na'urar daga hannuna. Ta kuma sayi ƙaramin kwaɗo ta sa wa ƙofar ɗakinta. A nan na gane ta san na taɓa shiga.

Bayan Ista ta ce za ta koma gidanta na Sabon Gari. Na kawo dalilai, ta saurare su duka, ta ci gaba da naɗe kayanta. Wata 'yar ƙanwarta mai ɗinki ta tare a ɗakin waje don kada ta zauna ita kaɗai.

Yanzu kowace safiya nakan buga mata waya daga ofis. Bayan gaisuwa nakan ce, "Nawa ne yau?" Kusan kullum amsarta takwas ce, kuma da sauri take faɗa. Wani lokaci nakan ji kamar in ce ta ɗauki hoton na'urar ta turo mini. Ban taɓa faɗa ba. Nakan ce, "Mun gode Allah," sai ta shiga ba ni labarin waƙar da za su rera ranar Lahadi.