Saniyar da Ta Hura wa Akwatin Awo

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, lokacin ana gina dam ɗin Bakolori, ina aiki a wani kamfanin gasa bulo kusa da Talata Mafara. Hayaƙin wurin yana ɗauke da wata guba, fuloraid, in ta sauka kan ciyawa shanu suka ci, sai haƙoransu su rube, ƙafafu su sanƙare. Aikina in rataye takarda da aka jiƙa da ruwan farar ƙasa cikin ɗan akwati a bisa sanda, ta sha iska wata guda, a kai ta gwaji.

To ku ji rashin imani, manajanmu ya sa aka kafa sandunan duka ta wajen Bakura, inda hayaƙin ba ya bi, alhali ta Maradun yake kwarara, kan rugar wani dattijo Malam Bube da shanunsa ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya zo ya yi kuka, aka ce awo ya nuna iska lafiya lau. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Wata rana da azahar na je ɗauko takarda, sai ga farar saniya mai tsagaggen kunne, ita kaɗai, ta kafa hanci a akwatin tana hura masa numfashi. Na kore ta, ta juyo ta buɗe min baki, subhanallahi, haƙora baƙi ƙirin, duk sun gutsure! Na sunkuya ɗaukar dutse, ina ɗagowa babu ita, kuma ƙasar ɗanya ce amma ko sawu ɗaya.

Gwajin wannan takarda ya fito da guba mai yawan gaske. Manaja ya ce ta lalace ne, ya jefar.

Na je na ba Malam Bube labari. Sai ya ce:

"Hwara, mai tsagaggen kunne? Ai ni da hannuna niy yanka ta bara, da ta kasa tashi. Mutanen kamfanin sun yarda da ita?"

Na ce ba su yarda ba.

"To za ta komo."

Ban jira wata ya cika ba na ajiye aikin. Don Allah, in hayaƙinku ya cuci dabba, kar ku ɗauka don ba ta magana ba za ta kawo ƙara ba.