Jakin da Ya Shiga Kasafin Kuɗi

Shekara talatin da ɗaya Jumagali ya yi yana ban-ruwan bishiyoyin masaukin 'yan sama jannati a Baikonur, filin harba kumbo zuwa sararin samaniya, inda ni kuma nake girki. Al'adar wurin, duk wanda zai tashi sai ya dasa bishiya da hannunsa, a kafa allon sunansa a gindinta. Su dasa su tafi, ɗawainiya ta koma kan Jumagali. Mutum ne gajere mai baƙar magana, da wuya ya sha shayina bai kushe shi ba.

Da Tarayyar Sobiyat ta wargaje, gwamnatoci biyu suka shiga ja-in-ja a kan wa ke da filin, wa kuma zai biya. A majalisa wasu na cewa ina amfanin harba mutum sama alhali tsofaffi na layin burodi? Ni ma, Allah ya sani, wani lokacin nakan ga gaskiyarsu. A cikin wannan hali injin ban-ruwa ya mutu, aka ce babu kuɗin gyara. Sai kuma labari ya zo cewa kwamiti zai zo a lokacin kaka ya duba wuraren da za a rufe. Abin ya dame ni, don mijina ya rasu, 'ya'ya mata uku kuma da tukunyar masaukin nan suka dogara.

Sai Jumagali ya tashi tsaye. Ya ɗaura wa jakinsa amalanke, ya ɗora duro biyu, ya kama hanyar kogin Sirdarya. Gangaren ya fi ƙarfin jaki, don haka da kafaɗa yake hawo da bokitai zuwa duro. Sawu takwas a yini, tun daga farkon zafi har ƙarshensa.

"Jumeke," na ce masa wata rana, da sunan girmamawar da muke kiransa, "za ka kashe kanka a kan itace. Masu su ma sun manta da su."

"Kulyash, ke dai gyara shayinki. Ko jakina ba zai sha wannan ba."

Ranar da kwamiti ya zo, gari duk ya ƙone ƙurmus, layin bishiyoyinmu ne kaɗai kore shar. Manajanmu ya sa an shafe gindinsu da farar ƙasa, yana ta washe baki, a zatonsa abin yabo ne. Ashe mun yi wa kanmu. Shugaban kwamitin, wani dogo mai tabarau, ya tsaya a inuwa ya ɓata fuska.

"Kuna kukan babu, ga shi kuna malala ruwa a hamada. Nawa injin nan yake ci a wata? A kai ni in gan shi."

Manaja ya fara kame-kame. Ni kuwa ina gefe riƙe da tiren shayi. Jumagali ya zagaya bayan masauki, ya jawo jakinsa har gaban baƙi.

"Ga injin, ranka ya daɗe. Ciyawa yake ci, ita ma ni nake yanko masa."

Wasu suka fashe da dariya. Mai tabarau bai yi ba, don idonsa na kan kafaɗar Jumagali, inda riga ta manne da gyambon da sandar bokiti ta yi. Ya tambaye shi wa ya sa shi wannan aiki.

"Ba kowa. Mutum huɗu a layin nan ba su da rai. In tasu ta bushe, wa zai sake dasa musu?"

Ban san abin da aka rubuta a rahoto ba, kuma ba zan ce jaki ne ya juya majalisa ba. Na dai san ba a rufe masauki ba, kuma abin da ya fara iso mana daga sabon kasafi buhu biyu ne na sha'ir, an rubuta "na jaki". Injin sai bayan shekara uku. Ni kuwa na ƙara shekara goma sha takwas a bakin murhuna, 'ya'yana duka suka gama makaranta. Har in mutu ina gode wa bawan Allahn nan.

Yanzu ya tsufa, bayansa ya tanƙware tun daga waccan shekarar, wuyansa ba ya ɗaguwa. Ranar da za a harba mutane, nakan kai masa shayi in zauna kusa da shi a ƙofar gida. In ƙasa ta fara girgiza sai ya kama hannuna, idonsa a kan takalmansa.

"Kulyash, sun tashi?"

"Sun tashi, Jumeke."

"To, ci gaba da duba min har su ɓace."