Ranar da Surukina Ya Zauna a Intabiyu

Sati uku na yi ina zarya tsakanin Kusada da Kankia a kan babur, duk saboda jimla biyar ta Turanci. Wata makarantar kuɗi ce ke neman malamin wasanni, ni kuwa shekara biyu ke nan ina zaman kashe wando. An ce dole su tambaye ka abin da kake sha'awar yi in ba ka aiki, kuma da Turanci za ka amsa.

Mai koya mini wani Ibo ne mai shagon magani a Kankia, abokin kallon ƙwallona. A bayan kwalin magani ya rubuta mini su: ina buga ƙwallo, lamba tara nake, ina gudu kowace safiya, da sauransu. Yana sallamar masu saye yana gyara mini baki. Na maimaita a gona, na maimaita a kan babur. Har matata ta ce in ta ƙara jin wannan karatu gidansu za ta tafi.

Ranar intabiyu na tarar da mutum uku a ofis. Na ukun uban matata ne, wai shi ne wakilin iyayen yara. Ba wanda ya gaya mini. Ni da tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi tafe lungu nake sakewa. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Da kyar hedimasta ya sa na ɗosana a bakin kujera.

Sai ga tambayar. Wallahi jimlolin nan suna bakina, ba wadda na manta. Amma ta yaya magidanci zai buɗe baki gaban surukinsa ya ce yana sa gajeren wando yana bin ƙwallo? Kunya ta rufe ni. Na ce noma. Hedimasta ya ce bayan noma fa? Na ce sai zuwa masallaci. Ya dubi surukina, ya rufe fayil.

Wani ɗan garin Yashe aka ɗauka. Bayan kwana biyu matata ta je gidansu ta dawo ranta a ɓace.

Ta ce, "Baba ya ce in tambaye ka laifin me ya yi maka. Shi fa ya kai sunanka. Ya rantse musu duk Kusada ba mai ƙwallo kamarka, don kowace Juma'a yakan tsaya can nesa ya kalle ka. Ka tashi ka mai da shi maƙaryaci a gaban mutane."