Shekarar da Na Zama Ɗalibar Ɗalibina

Na shiga jami'a ina uwar 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina. Kafin nan na daɗe ina koyarwa a wata firamare a Maamobi, ba nisa da babbar gota, wato magudanar ruwan da ta raba unguwarmu da Nima. A ƙarshen shekarun tamanin ne aka sauya tsarin makarantu, aka fara raɗe-raɗin cewa takardar horon malamai irin tawa ba za ta ƙara kai mutum ko'ina ba. Maigidana, wanda tela ne a Kasuwar Malam Atta, shi ya matsa mini in rubuta jarrabawar da ake yi wa manya masu son shiga jami'a. Na rubuta don kada ya ce na ƙi, sai kuwa aka ɗauke ni.

A unguwarmu kowa Madam yake ce mini. Ni ke karanta wa mata abin da likita ya rubuta musu, ni ke raka su makaranta idan an kori yaro. Da labari ya bazu cewa Madam za ta jami'a, har gida aka riƙa zuwa yi mini barka, tsofaffi suna tambaya wai me kuma ya rage wanda ban sani ba. Nakan yi murmushi in ce ilimi ba ya ƙarewa, amma a cikin raina ni ma ban ga abin da ya rage sosai ba.

A makon farko aka tara mu sabbin ɗalibai aka yi mana ɗan gwaji, rubutu kaɗan da lissafi kaɗan. Waɗanda aka ga tushensu bai yi ƙwari ba aka ce su riƙa zuwa wani aji ranar Asabar da safe, inda za a koya musu tsara rubutu, da lissafin da karatu ba ya tafiya sai da shi, da yadda mutum zai kafa hujja idan ya faɗi magana. Ina cikin waɗanda aka zaɓa. Da na gaya wa maigida ina ɓata rai, sai ya ce, "To ai karatu kika je yi. Ki je mana."

Na je. Na shiga trotro, ƙaramar bas ɗin haya, tun da sassafe, na sami aji cike da yara sa'annin ƙannena na baya-baya, wasu daga arewa, wasu daga ƙauyukan Volta, da 'yan mata Asante biyu masu yawan raɗa. Na nemi kujerar ƙarshe na zauna, na gyara mayafina.

Malamin ya shigo da alli a hannu, saurayi dogo siriri cikin farar riga. Tun kafin ya buɗe baki na gane shi, saboda tabon da ke kan girarsa ta hagu. A gabana ya samu wannan tabo, ranar da ya faɗo daga katangar makaranta yana aji huɗu, ni na wanke masa jinin. Ɗan wata mai sayar da wake da shinkafa ne a bakin wani lungu a Nima. Ashe ya gama digirinsa a fannin lissafi, an ajiye shi ya yi hidimar ƙasa ta hanyar taimaka wa sabbin ɗalibai.

Yana ganina ya ajiye allin, ya ratso tsakanin kujeru har inda nake, ya rusuna.

"Madam, ina kwana? Kin zo duba mu ne?"

Na ce, "Karatu na zo."

Fuskarsa ta cika da murna. Ya juya ya ce wa ajin da Turanci su dubi wannan baiwar Allah da kyau, ita ce ta fara koya masa lissafi, duk abin da zai faɗa musu daga hannunta ya samo. Yara suka juyo suka yi mini tafi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai ya rubuta a allo: shida a raba da rabi. Ya tambayi wanda zai gwada. Ba wanda ya motsa, ni kuwa wannan abu na koyar da shi har na gaji. Na ɗaga hannu na ce, "A juya rabin ya koma biyu, sai a ninka. Sha biyu."

"Daidai, Madam," in ji shi. "To ki gaya musu me ya sa ake juyawa. Rabawa muka yi, amma amsar ta fi shidan da muka fara da ita yawa. Me ya kawo haka?"

Ba don ya ƙure ni ya yi tambayar ba. A fuskarsa na ga ya tabbata ina da amsa, so yake ya ƙara ɗaga ni a gaban yaran. Na buɗe baki, na laluba cikin kaina, ban sami komai ba. Haka aka koya mini, haka na koyar, ba wanda ya taɓa tambayata dalili, ni ma ban taɓa tambaya ba. Daga ƙarshe na ce, "Haka dokar take."

Ɗaya daga cikin 'yan matan nan ta raɗa wa 'yar'uwarta da harshensu na Twi, "Ita ce fa wai ta koya masa." Ba ta san duk wanda ya tashi a Zongo, irin unguwanninmu, yana jin Twi ba.

Shi kuwa ya yi sauri ya koma allo ya zana lemu shida. Ya ce a yanka kowanne gida biyu, ɓari nawa za a samu? Tambayar ke nan, in ji shi, rabi nawa ne a cikin shida. Nan take na gane. Sauƙin abin ne ya fi yi mini ciwo. Har aka tashi ban ƙara ɗaga kai ba.

Daga ranar bai sake kiran ni in amsa tambaya ba. Idan idonsa ya zo wajena sai ya tsallake. Da aka shiga ɓangaren rubutu, kowane mako yakan ba mu batu mu rubuto shafi ɗaya ko biyu. Na sauran yara yakan dawo ja-wur da gyara, ya ja layi, ya sa alamar tambaya, ya rubuta "ina hujjarka?" a gefe. Nawa kuwa yakan dawo fes, sai "ya yi kyau ƙwarai" a ƙasa. Na ɗauka na rama abin da ya faru ke nan. Lissafi ya kunyata ni, amma Turanci nawa ne. Har nuna wa maigida nake yi.

A tsakiyar zangon karatu muka miƙa aikin farko na gaske ga malamar sashenmu, wata dattijuwa Fante da ba ta wasa. Tambayar ita ce ko ya dace a koyar da yara da harshen gida a azuzuwan farko. Na zuba duk manyan kalmomin da na haddace tun ina kwalejin malamai. Da aikin ya dawo, makin da ke kai bai kai na wucewa ba. Ta kira ni ofishinta, ta cire tabarau ta dube ni.

"Turancinki ba laifi," ta ce, "amma na karanta daga farko har ƙarshe ban san ra'ayinki ba. Kina zuwa ajin Asabar kuwa? Me yaron nan yake gyara miki?"

Na ce yana ƙoƙari. A kan matakalar ofishin na tsaya, abin ya faɗo mini. Ba kyau rubutuna yake yi ba. Kunyata yake ji.

Ranar Lahadi bayan azahar na ɗauki aikin na tsallaka gota ta kan gadar katako, na shiga Nima. Gidansu gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Na tarar da mahaifiyarsa a tsakar gida tana kankare babbar tukunya. Ta miƙe tana goge hannu a zani, tana kiran ɗanta da irin Hausarmu ta Zongo da ba ta ware mace da namiji: "Kai, fito, Madam ya zo!"

Ya fito ya kawo mini kujera, shi ya zauna a kan benci nesa kaɗan. Na miƙa masa aikin. Ya ga makin, ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Me ya sa ba ka gyara nawa kamar na kowa?"

"Madam, nakan ɗauki jan biro, sai hannuna ya ƙi. Ke ce fa. Yaya zan ja layi a kan rubutunki?"

"To so kake a koro ni daga jami'a da girmana?"

Ya daɗe yana juya shafukan. Can ya ce, "Bari mu yi wani abu. Ba zan rubuta komai a kai ba. Zan karanta jimla ɗaya da Turanci, ke kuma ki faɗa mini da Hausa abin da kike nufi, kamar da Mma kike magana."

Ya karanta ta farko, doguwa, mai cike da kalmomin da nake alfahari da su. Na yi tunani na ce, "Ilimi yana da amfani."

Ya karanta ta biyu. Na ce, "Ilimi... abu ne mai amfani ga ƙasa."

Ya karanta ta uku. Na ga abin da zan faɗa shi ne dai na farkon. Daga bakin tukunya mahaifiyarsa ta fashe da dariya, ba da mugunta ba, ta ce, "Madam, duk wannan Turanci magana ɗaya ne?" Ɗanta ya harare ta, ta kama bakinta, amma kafaɗunta na rawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Muka bi shafin farko gaba ɗaya, abin da ya fito da Hausa bai cika baki ɗaya ba. Sai ya ajiye aikin a cinyarsa ya ce, "Madam, bar wannan. Ke me kika gani a ajinki? Yaran da suke zuwa aji ɗaya, da wane harshe suke zuwa?"

Nan bakina ya buɗe. Na ce masa wane harshen gida ake nufi a Maamobi? A benci ɗaya za ka sami mai Kotokoli a gida, da mai Dagbani, da mai Zabarmanci, a waje duk Hausa suke wasa da ita, makaranta kuma ta ce harshen Ga za a koya musu. Na ba shi labarin wata yarinya da ta yi kusan shekara ba ta ce uffan ba, aka ɗauka ba ta da ƙwaƙwalwa, sai ranar da na yi mata tambaya da Hausa a ɓoye ta amsa tiryan-tiryan. Na yi ta magana har na manta a inda nake.

Da na tsaya ya ce, "Wannan za ki rubuta. Ko kalma ɗaya daga cikinsa babu a nan. Ki fara da abin da kike ganin ya dace, ki kawo yarinyar nan ta zama hujja, sannan ki faɗi abin da mai ja da ke zai ce, ki amsa masa."

Haka muka ci gaba kowace Lahadi har shekara ta ƙare. Da farko da fensir yake gyarawa, a hankali, kamar mai taɓa gyambo. Daga baya ya koma jan biro. A lissafi ma ya daina tsallake ni. Wata Asabar na yi kuskure a allo, ya ce, "Ba haka ba ne, Madam, sake dubawa." Ba wanda ya dubi wani a cikinmu. Na sake dubawa na gyara.

Abin da ban shirya masa ba shi ne unguwa. Mahaifiyarsa ba ta iya riƙe farin cikinta ba. Duk wanda ya tsaya sayen wake da shinkafa sai ya ji cewa ɗanta ne ke koya wa Madam karatu. A wani taron suna a Kokomlemle wata mata ta tambaye ni a gaban jama'a, wai da gaske ne an mayar da ni baya, yaron da na koyar shi ke koya mini ABCD? Na ce da gaske ne yana taimaka mini. Aka yi dariya, aka wuce, amma abincin bai shiga ba. Wasu matan suka daina kawo mini abin da likita ya rubuta, suka koma kai wa wani malamin. Na daina bi ta bakin lungunsu da safe lokacin da layi ya yi tsawo, nakan zagaya ta bayan masallaci ko da zan makara. Sau da yawa na ce wa maigida zan bari. Yakan ce in bari sai bayan jarrabawa.

Na ci jarrabawar shekarar farko, ba da wani babban maki ba, amma na wuce. Aikin nan da na sake rubutawa, dattijuwar malama ta rubuta a ƙasansa cewa yanzu ta ji muryar mutum. Sauran shekarun sun zo da sauƙi a kan ta farko, na gama na koma koyarwa, wannan karon a ƙaramar sakandare.

Shi kuwa da hidimarsa ta ƙare ya sami aikin koyarwa a arewa. Ranar da ya zo sallama bai same ni a gida ba, ruwa ya yi kwanaki bai zo ba, ina layin famfo a bakin titi tare da matan unguwa. Ya zo har wurin ya durƙusa a gaban kowa ya gaishe ni, ya ce gobe zai hau mota. Hira ta tsaya cak, mata suka zuba mana ido suna jiran su ji abin da zan ce. Na shirya maganganu da yawa na godiya tun kwanaki, amma a gaban idanun nan ba ko ɗaya da ta fito. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, ya yi maka albarka." Ya ce amin. Bokitina ya cika a daidai lokacin, ya sunkuya ya ɗauka da farar rigarsa, ya nufi gidanmu ruwa na fallatsa masa a wando, ni kuma na bi bayansa.