Yadda Na Buga Hoton Abokina Da Soɓo

Shekarun baya, wani ma'aikacin asibiti da ya daɗe a Bukkuyum, Kirista mai kirki, aka yi masa canjin wurin aiki. Ya sayar mini da injin buga hoto da 'yar kyamara. Ni da na bar boko tun aji uku, sai ga ni mai hoto. Ya ja mini kunne: "Baba, takarda mai sheƙi, tawada ta gaskiya. Kada ka yi masa dabara." Na ce awo. Wanda ya san ni ya san an yi wa kura kashedin nama.

Ina da aboki a Adabka, tun muna kiwon awaki muke tare. Matarsa ta rasu, ya shekara yana dafa wa kansa tuwo mai gudaji. Aka yi masa hanyar wata bazawara a Gummi, ita kuwa ta kafa sharaɗi: ba mai zuwa zance sai ta ga hotonsa ta yarda. Ta ce ta gaji da tsofaffi masu ɓata mata tabarma.

Ya zo da babbar riga ta aro, na ɗauke shi, muka tada janareto. Hoto ya fito kore shar.

"Mi na na?" in ji shi. "Ni ne wanga, ko kwaɗon fadama?"

"Kai ne. Inji ba ya ƙarya."

"Allah wadan injinka! Gobe za a kai shi!"

Na duba, ashe jar tawada ce ta ƙare, kuma ba a samunta sai Gusau. Ina zaune ina susar ƙeya, sai idona ya faɗa kan bokitin soɓon da mai ɗakina ke ƙullawa na sayarwa. Ja wur! Na ce a raina, ja ai ja ne. Na zuƙa da sirinji na ɗura wa inji.

Wallahi hoto ya yi kyau. Abokina ya fito jajir kamar ɗan Fulanin da bai taɓa shiga rana ba. Ya yi ta juya shi yana cewa, "Ashe haka nike?" Ban dai faɗa masa abin da na ɗura wa inji ba. Ni kuma ban tuna cewa an riga an zuba sukari a bokitin ba.

Washegari muka hau babur sai Gummi, gidan wan bazawarar. Ya karɓi hoto ya ajiye a gefen tabarma a zaure, muka fita sallar azahar, muka biya aka ci abinci. Da muka dawo, hoto ya yi baƙi ƙirin da kiyashi. Aka kaɗe su. Hula na nan, riga na nan, amma fuska sun lashe ta tas, sai kunne guda.

Abokina ya riƙe ni a wuya. "Mi ka sa mashi?"

"Soɓo."

"Soɓo! Ni ka jiƙa?"

Wan matar ya yi dariya har da tari, ya kwashi hoton haka nan ya shiga ciki. Muka ji shewa daga cikin gida. Can ya fito yana share hawaye, ya ce, "Ta ce tunda kiyashi sun riga ta gani, mai kunnen shi shigo ta ga sauran."

Bayan kaka aka ɗaura aure.

Injin kuwa bai ƙara tashi ba, sukari ya toshe shi. Abin da na koya ke nan: inji ba tukunya ba ne, in an ce tawada, to tawada. Har yau in mun haɗu a kasuwa sai abokina ya ce na kusa kashe masa aure. Ni kuma in ce masa, "Gode mini, tsoho. Da hoton nan ya fito da fuskarka yadda Allah Ya yi ta, da yanzu kana nan kana tuƙa gudajinka."