Magajiyar da Amamatu Ba Ta Samu Ba

Amamatu ta tsufa tana tuyar ƙosai a zangon Salaga, kowa ya san ita za a naɗa magajiyar mata. Sai Munawara, 'yar maƙwabciyarta Damata, ta samu aiki a Turai, inda ake gwara ƙananan ƙwayoyin zarra cikin inji, ana neman wani abu mai nauyi da ba ya ganuwa. Ba su same shi ba, awonsu dai yana rage masa maɓoya. Zango ya ɗauka.

"Ba ya nan, ba ya can, shi ne aiki?" in ji Amamatu. "Ɗana Idirisu yana kwaso shanu daga Bawku zuwa Yendi, wa ya taɓa yabonsa?"

Damata aka naɗa. Da aka ce Amamatu ta yi guɗa, ta ce haƙori ke damunta.