Bindigar da Na Ɗauka a Madadin Saniya

Babana ya yi soja a yaƙin Turawa na farko. Ya dawo ƙauyenmu na kusa da Bangi da ɗingishi, da kuma wata 'yar bindiga wadda tafin hannu ke rufewa. Bai taɓa harba ta a gabanmu ba, don ko harsashi ɗaya ba ta da shi. A rumbu yake ɓoye ta, cikin tsumma, ƙarƙashin dammunan gero, saboda in gardin kumandan, dogaran nasara, suka gan ta, sai kaso. Ran salla yakan ciro ta ya goge, ya aza yatsa a kan rubutun da ke gefenta ya ce, "Ga sunana nan. Lajidan ɗinmu, babbanmu na soja, yas sa anka rubuta, ran da niɗ ɗauko shi da rauni." Ba mai karatun nasara a garinmu, saboda haka sunansa ne.

Da ya rasu, liman ya zo rabon gado. Mu biyu ne, ni da ƙanena. Aka raba gona, aka raba gero, ya rage saniya guda da bindiga. Liman ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar wanda ya kama kunama, ya ce shi bai san ƙimar wannan abu ba, kuma ba a rabo sai an yi ƙima. Sai na yi caraf. Lokacin ina da ƙuruciya, bakina ya fi hankalina sauri.

"Malam, ta kai saniya, hat ta ɗara," na ce. "Abin da ad da sunan babanmu?"

Ƙanena bai yi musu ba. Mutum ne mai shiru, irin wanda ake kira wawa har a ga ya ja saniya gida. Ya ja saniya, ni na mai da bindiga rumbu, ina jin na ci riba.

Shekara biyu bayan haka fara ta sauka, gero yana fid da kai. Abin da muka girbe bai kai mu sanyi ba. Ƙanena ya kora saniyarsa ya bi makiyaya kudu. Ni na tsaya da matata da ɗiyarmu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Muka ci dussa, muka ci ganye, muka koma ga anza, 'ya'yan itacen nan da sai an jiƙa kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Mu muna haɗiyewa, yarinya tana tofarwa. Tun tana kuka har ta daina, sai dai ta bi mutum da ido.

Ran da na zura hannu rumbu ban taɓo kome ba sai tsumman nan, matata na tsaye bayana. "Maigida, ka kai abin ga kasuwa," ta ce. "Kai kac ce saniya ta." Ba da gatse ta faɗa ba. Ta yarda da ni ne, kuma wannan ya fi gatse nauyi.

Na tura bindigar cikin burgami na taka zuwa Madawa. Akwai wani tsohon soja, sarjan, da ya san babana, yana zama wajen dukawa, an ce ya iya karatun nasara. Da na buɗe masa bakin burgami, sai ya tashi ya ja ni zauren gidansa. Ya ja saman bindigar baya, abin da ban san yana motsi ba. Ya zare gidan harsashi ya girgiza, ya shinshina bakin, ya leƙa ta wajen haske. Sannan ya tofa yawu a kan rubutun ya goge da babban yatsa.

"Wanga ba Faransanci ba na," ya ce. "Ispaniya anka ƙera ta, maƙwabtan Faransi. Da yaƙi yay yi zahi bindigogi sunka yi musu kaɗan, sunka sayi irin wagga awa gyaɗa. Masu dahuwa da masu ɗaukar masu rauni aka ba, su rataya."

"To sunan babana fa, baba?"

Ya bi rubutun da farce, sannu a hankali. Ga sunan garin da aka ƙera ta. Ga sunan maƙerin. Ga girman harsashin da take ci. Ya kai ƙarshe ya sake komowa, ina jin don ni ya yi. "Babu shi ciki, ɗana."

Na jira in ji wani abu, kunya ko haushi. Ban ji kome ba. Ina ta kallon wani ƙuda da ke yawo a bakin butarsa. Na tambaye shi nawa za ta yi.

"Ga wa? Nasara na da wadda tah hi ta, kuma in ya gan ta hannunka ɗamre ka za shi yi. Buzu takobi shika so. Maharbi na son wadda aka ɗura ma albarushi. Wagga tsatsa ta ci cikinta, harsashinta babu. Guduma ta hi ta. Ka kai ta ga maƙeri, kuma kak ka ce na gan ta."

Maƙerin bai dubi rubutu ba. Ya auna ta a tafin hannu, ya ce ƙarfen mai kyau ne, zai yi ƙyastu na kunna wuta. Ya ba ni dawa tiya uku. Ban yi ciniki ba. Ina tsaye ya aza ta a uwar maƙera, ya fara dukan gefen rubutun don kada a gane ta.

Matata ta riƙa dama kunu kaɗan-kaɗan, na yarinya kawai. Tiya uku tiya uku ce, ta ƙare. Ɗiyarmu ta rasu gero yana kai gwiwa. Na kai ta makwanci da safe, da azahar na koma noma, don ciyawa ta rufe gona. Ban yi kuka ba. Mutane suka ce na yi haƙuri, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, babu kome a cikina ne.

Da kaka ƙanena ya dawo. Saniyar ta rame amma ta rayu, har ta haihu a kudu. Ya iso ba wanda ya tare shi da labari. Ya ɗaure ta, ya tatsa, ya shigo gidana da ƙwarya cike, kumfa a sama.

"Yaya, ga nono, a ba ɗiya."

Matata ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta rufe da faifai. Ba wanda ya ce masa kome sai da ya tambayi inda take wasa.